Shagon Baba mai gyaran garmaho a Sabon Gari: aikinsa, faya-fayansa da hirar bencinsa

Duk wanda ke da tsohon garmaho a ajiye a gida, ko amfilifayar nan mai nauyi ta zamanin iyayenmu, kuma yana Zariya ko kewayenta, kafin ya miƙa wa 'yan jari bola ya fara kai wa wani dattijo mai gyara a Sabon Gari. Shagon ba shi da allo. Yana cikin layukan da ke bayan babbar kasuwa, wajen masu gyaran rediyo da talabijin, kuma in ka ce mai gyaran garmaho kake nema za a nuna maka. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Na kai masa aiki, na sayi kaya a hannunsa, na kuma zauna a bencinsa, saboda haka zan faɗi na yabo in faɗi na ƙorafi.

Kayan da na kai na kawuna ne, Allah ya jiƙansa. Ya yi karatu a Amurka a shekarun 1970, ya dawo da garmaho ƙirar Japan, da amfilifaya, da lasifika biyu masu akwatin katako, da 'yar taransifomar da ke rage musu wuta, da kwalaye cike da faya-fayai. Yawancinsu jaz ne da rok, sai na gida da ya riƙa ƙarawa bayan dawowarsa. Bayan rasuwarsa kayan sun daɗe a ɗakin ajiya a gidanmu na Tudun Wada. Da na jona su, farantin garmaho bai motsa ba, amfilifaya kuma ban da ƙugi ba ta yin komai, shi ma a gefe guda.

Abin da ya sa na yarda da Baba ya faru ne tun kafin ya ɗauki mita. Ya cire farantin, muka ga bel ɗin ya narke ya zama baƙin danƙo. Ya kankare ɗan ƙarfen da ke kan injin, wanda bel ke zagayawa, sai ga ragowar salatif a naɗe. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mai kayan nan ya zauna a Amurka ko?" Na ce, "E, Baba, yaya aka yi ka sani?" Ya ce salatif ɗin ne ya gaya masa.

Ga yadda abin yake, kuma ya kamata duk mai sayen kayan gwanjo ya san shi. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa. Tamu bolt 230 ce, tana kaɗawa sau 50. Taransifoma tana rage ƙarfin wuta, amma ba ruwanta da yawan kaɗawar. Shi kuwa injin irin wannan garmaho da kaɗawar wutar yake auna gudunsa: a can yana juyi 1,800 a minti, a nan sai ya koma 1,500. Ke nan babban faifai da ya kamata ya yi juyi 33 da sulusi a minti, kusan 28 zai yi. Muryar mawaƙi ta yi kauri, kiɗa ya riƙa jan ƙafa. Kawu ya gane haka, shi ne ya naɗa wa ƙarfen salatif don ya ƙara masa kauri, bel ya ƙara gudu. Dabara ce mai aiki, sai dai salatif ba ya naɗuwa daidai ta kowane gefe, don haka sautin yakan riƙa lilo, kuma a fiyano aka fi jin lilon, inda ake danna amo guda a bar shi ya daɗe.

Baba bai sake naɗa komai ba. Ya shiga cikin tarin matattun kayan da ke bayan shagon ya ciro ƙarfen da aka ƙera domin wuta mai kaɗawa 50 daga wani garmaho irin nawa, ya sa, ya nemo bel mai faɗi da tsawo daidai. Da ya gama ya ɗora wata takarda mai zagayen layuka a kan farantin, ya kunna mata fitila. In gudun ya yi daidai, layukan sai su yi kamar sun tsaya cak. Sun tsaya. Duk da haka bai gamsu ba, ya liƙa 'yar farar takarda a bakin farantin, ya cire agogonsa ya ajiye, muka ƙirga tare: juyi 100 cikin minti 3. Yau da wuya ka sami mai gyara da zai auna aikinsa ta hanya biyu a gabanka ba tare da ka roƙe shi ba.

A maganar allura ma bai yi mini rufa-rufa ba. Ya duba tsohuwar da gilashin ƙara girma, ya miƙo mini in gani da idona, bakinta ya cinye ta gefe guda. Ya ce kada in kuskura in ɗora ta a kan faifan da nake so, domin allurar da ta cinye yanka layin faifai take yi, kuma abin da ta yanka ya tafi ke nan. Allura mai bakin lu'ulu'u takan yi aikin awa 500 zuwa 1,000 kafin a canja ta. Babu abin da ke ɓata masa rai kamar ɗabi'ar nan ta ɗora kwabo ko sule a kan hannun garmaho don kada allura ta yi tsalle. Nauyin da ake so a kan faifai bai wuce giram 2 ko kusa da haka ba, kuma yana da ɗan sikelinsa na auna shi. Ya nuna mini kan allura iri biyu, wato ɗan abin da allurar ke maƙale a jikinsa, wani mai araha marar suna da yake da shi a shago, da Audio-Technica AT-VM95E wanda sai an aiko daga Legas. Bai matsa mini ba, ya dai ce in faya-fayan kawu nake son su kai ga 'ya'yana, in daure in sayi na biyun. Shi na saya, ya daidaita shi a giram 2, kuma har yau ban ji allurar ta yi tsalle a kan lafiyayyen faifai ba.

Amfilifayar ce ta fi cin lokaci. Kondensa da yawa sun bushe, abin da ke faruwa da su in sun shekara arba'in ko fiye, sannan tiransisto guda ya ƙone a gefen da ya mutu. Wasu masu gyaran abin da suke yi shi ne su kwashe kayan cikin gaba ɗaya su dasa ɗan allon nan mai Bluetooth da ramin filasha, su mayar maka da akwatin yana ƙara, kai kuma kana murna an gyara. Baba ba ya yin wannan ko ka roƙe shi. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Wutar da kan allura ke fitarwa 'yar mitsitsiya ce, milibolt 4 a irin nawa, alhali na'urar CD tana fitar da har milibolt 2,000. Ban da haka, lokacin yanka faifai ana rage amo mai kauri a ƙara siriri, bisa ma'aunin RIAA da kamfanonin Amurka suka amince da shi a 1954, domin layukan su samu wuri. Tsofaffin amfilifayoyi suna da sashe na musamman, inda aka rubuta Phono, mai ɗaga wannan 'yar wutar ya kuma mayar da amon yadda yake. In aka cire shi, ko ka jona garmaho kai tsaye a irin kayan kiɗan falo na yanzu, sautin zai fito ƙasa-ƙasa, siriri, ba kauri. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa faifai ba shi da daɗi.

Ya canja abin da ya mutu kawai, ya bar sauran. Ya ɗaura 'yar wayar ƙasa daga garmaho zuwa bayan amfilifaya, ragowar ƙugin ya ɗauke. Kuma duk abin da ya cire ya zuba mini a leda ya ba ni, ɗaya bayan ɗaya yana gaya mini laifinsa.

To, yanzu ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. Baba ba ya cika alkawarin lokaci. Ya ce mini sati biyu, aikin da na kai da damina sai da hunturu ya shigo na karɓa. Wani jinkirin na jiran kaya ne daga Legas, wannan na fahimta, amma wani na ɗabi'a ne: in aka kawo masa abin da ya ba shi sha'awa sai ya ture naka. Ba ya ɗaukar waya sosai, dole ka taka da ƙafarka. Ba ya ba da rasit, ba ya kuma faɗin kuɗin aiki gaba ɗaya tun farko. Yau ya ce kawo na bel, gobe na kondensa, sai a ƙarshe ka ji na hannu. Ban ga alamar cuta a lissafinsa ba, amma mai albashi yana bukatar ya san abin da zai kashe kafin ya shiga. Jimillar abin da na biya ta fi kuɗin sabuwar lasifikar Bluetooth mai kyau, don haka wanda ƙara kawai yake nema ba nan ne wurinsa ba.

Aikin lasifika kuma bai kai sauran ba. Soson da ke zagaye da bakinsu ya ruɓe, ya ba yaron shagonsa ya liƙa sabo. Gam ya yi dama-dama, ɗaya kuma ba ta zauna a tsakiya ba, tana gogawa duk lokacin da aka buga amo mai kauri. Da na mayar, Baba ya yi wa yaron faɗa, ya sake aikin da hannunsa bai karɓi ko sisi ba. Amma da ya saurara kafin ya ba ni, da ya ji. In za ka kai lasifika, ka ce shi kake so ya yi. Sannan shagon a buɗe yake ga ƙurar titi, kayan da aka gama gyarawa suna zaune ba rufi. Ka tafi da tsohon zane ka rufe naka.

Faya-fayan sayarwa su ne suka fi ba ni takaici, domin mutumin da ke auna giram 2 a kan allura shi ne kuma ya jibge faya-fayai a kwance, wani kan wani, ƙarƙashin rufin kwano. Wanda ya san zafin Zariya a watan Maris da Afrilu ya san abin da zai biyo baya. Da yawa sun lanƙwashe kamar faifan tuwon da aka bari a rana. Faifai a tsaye ake ajiye shi, a inuwa, kuma Baba ya fi ni sanin haka. Na yi masa magana, ya ce wuri ne babu.

Abin da ke cikin tarin shi ne abin da mutanen garin nan suka saya a da: Jim Reeves, Don Williams, Boney M, ABBA, waƙoƙin finafinan Indiya, kiɗan Kwango, sai jefi-jefi Shata da Ɗan Maraya waɗanda ba sa kwana in sun shigo. Jaz kaɗan ne. Rok akwai ɗan dama, na ga Santana, na kuma sayi Band on the Run na Paul McCartney da Wings, wanda aka ɗauki yawancinsa a situdiyon EMI da ke Apapa a Legas a 1973. Rok ɗin Najeriya kuwa, irin su Ofege, yaran makarantar St Gregory ta Legas da suka fitar da Try and Love, da BLO, da Funkees, kada ma ka sa rai. Tun da kamfanonin waje suka fara sake buga irin wannan kiɗa, kamar tarin Nigeria Rock Special da Soundway ta fitar a 2008, dillalai suka bi gari-gari suna kwashe na asali. Baba ya ce nasa tuni aka saye su a farashin da yanzu yake jin ciwonsa.

Wannan ciwon ne ya haifi matsalar farashi. Yanzu duk faifan da ka ɗauka, ɗansa zai duba waya ya ga abin da ake sayar da shi a Turai, ya faɗa maka. Ya manta cewa wancan farashin na faifai ne mai tsabta da kwalinsa lafiya, ba wanda ya sha ƙura da zana ba. Ka yi ciniki sosai. Abin da ya kyauta shi ne ana barinka ka saurara kafin ka biya. Ka ɗaga faifan a haske, ka bi zanen da farce a hankali: wanda farce ya ji, kunne ma zai ji. Ka ɗora shi a faranti ka duba ta gefe ko yana hawa da sauka. Ka kuma tabbata abin da ke cikin kwalin shi ne aka rubuta a bayansa, don an sha cakuɗa su.

Akwai wani abu a shagon da ba a biyan kuɗinsa, shi ne bencin ƙofa bayan la'asar. Dattawa ne ke taruwa, kuma Baba yakan gwada duk abin da ya gyara a gabansu. Biyu daga cikinsu ba sa rabuwa ba sa kuma shiri. Ɗaya tsohon ma'aikacin jami'a ne daga Samaru, mutumin jaz. Ɗayan ya yi aikin jirgin ƙasa, shi kuma rok ne nasa. Na Samaru yana cewa rok hayaniya ce, amo uku ake ta maimaitawa. Na reluwe yana cewa jaz kiɗa ne da makaɗan ke yi wa kansu, ba su damu da mai sauraro ba. Ni dai na fi karkata ga jaz, amma ban yarda da na Samaru ba, domin wanda ya saurari gangar John Bonham a faifan ƙungiyar rok ta Led Zeppelin na huɗu, na 1971, ta lasifika mai kyau, ba zai ce babu gwaninta a wurin ba.

Abin da na koya a wannan gardama shi ne kowane kiɗa da irin asirin da yake tonawa. Jaz yana tona asirin garmaho: in gudu na lilo, fiyano zai faɗa, in allura ta gaji, kuge zai yi shuu maimakon ya yi ƙara mai tsabta. Rok yana tona asirin amfilifaya da lasifika: in ba su da ƙarfi, ganga da jitar bes za su cakuɗe su zama ƙugi guda. Shi ya sa Baba ke gwaji da duka biyun, kuma da rok ɗin ne na gano lasifikata mai gogawa.

Ranar da aka gwada nawa, Kind of Blue na Miles Davis aka sa daga cikin na kawu, faifan jaz da kamfanin Columbia ya fitar a 1959. Na san faifan a waya, amma ban taɓa jin bes ɗin Paul Chambers da jiki haka ba, kana jin yatsa na jan tsirkiya. Muna cikin yabon yadda gudun ya daidaita sai na Samaru ya ce ai gefen farko na tsofaffin bugun faifan nan shi kansa ya ɗan fi sauri, saboda ɗaya daga cikin na'urorin ɗaukar sauti tana tafiya a hankali ranar da aka yi aikin, kuma sai a 1992 aka gyara a sabon bugu. Gaskiya ya faɗa. Irin wannan sani ne ke sa mutum ya yafe wa bencin yawan musunsa.

Na Samarun ne kuma ya riƙa ba mu labarin Yusef Lateef, kuma ina ganin abin kunya ne yadda 'yan Zariya da yawa ba su san wannan ba. Lateef babban mai busa ne na jaz, Musulmi, wanda ya tashi a Detroit. Daga 1981 zuwa 1985 a nan ya zauna, yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nazarci sarewar Fulani. A 1983 ya ɗauki faifansa In Nigeria a Legas. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93. Baba yana da kwafin faifan Lateef mai suna Eastern Sounds na 1961 wanda ba na sayarwa ba ne, yakan sa shi in ransa ya yi daɗi. Akwai inda Lateef ke busa obo, kuma Bahaushen da ya tashi yana jin algaita a ƙofar fada ba zai ji ta baƙuwa ba. Duk mai cewa jaz kiɗan wasu ne can nesa, a fara masa da wannan.

Samari sukan tsaya su ce duk wannan wahala ta mece ce, alhali komai na cikin waya. Baba ba ya musu da su, kuma na ji daɗin haka. Bai taɓa ce mini faifai ya fi CD tsabtar sauti ba, don bai fi ba. Akwai ƙas-ƙas, akwai ƙura, kuma sauti yakan ragu in allura ta kusa tsakiya. Ya kuma hana ni sayen wayoyin haɗi masu tsada, ya ce in sa kuɗin a allura. Abin da faifai ke ba ni daban ne. Gefe guda minti 20 ne da 'yan kai, ba ka tsallake waƙa, ba saƙon da ke shigowa, sai ka zauna ka ji abin da makaɗan suka jera yadda suka jera shi. Sannan wasu faya-fayan gida da kawu ya bari na neme su a intanet ban same su ba.

Shawarwarin da ya sallame ni da su sun dace da garin nan. Kada a kunna irin garmahona da ƙaramin janareta, domin kaɗawar wutarsa hawa da sauka take, kiɗan ma haka zai yi, kuma sitabilaiza ba ta maganin wannan. Inbata mai kyau ta fi. Wanda janareta ce dogaronsa ya nemi garmaho mai sarrafa gudunsa da kansa, irin Technics SL-1200 MK2 da ya fito a 1979, in aljihu zai ɗauka. Da hunturu faifai yakan jawo ƙura saboda bushewar iska, sai a share shi kafin a sa da bayan an cire. Wanki kuma da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ba, da ɗigon sabulun ruwa da ƙyalle mai laushi, ana bin layi a zagaye, ba a jiƙa takardar tsakiya. Tsofaffin faya-fayan nan masu nauyi masu juyi 78 kuwa, kada sifirit ya taɓa su, narkar da su yake yi, kuma allurarsu daban ce, ta fi kauri.

In za ka je, ka je bayan la'asar, lokacin ya fi sakewa. Ka tafi da faifan da ka sani sosai domin gwaji, ɗaya mai fiyano ɗaya mai ganga. Ka sa ya rubuta maka kuɗin kaya daban na hannu daban kafin ya kwance ko kusa guda, ka ɗauki hoton kayanka da lambar da ke bayansu tunda ba rasit, kuma kada ka kai masa abin da kake bukata don biki ko wata rana tsayayya.